Inda Katafila Ta Kauce

SHAFI NA 31

Barkanku da haƙuri. Na ga saƙonninku, na kuma ga wasu har sun gama yanke wa Muyiwa hukunci. Ku ɗan saurara, a ji ta bakinsa tukuna.

*

Takardar Baturen da ya zo duba hanyar tseren motocin ta iso ranar Talata da hantsi. Ƙanena Adebanji, wanda duk Oke-Ayin ke kira Baba Dimeji, ni kuma nake ce wa Banji, bai buɗe ta a garejinsa ba. Gida ya kawo mini, yadda yake kawo mini kowace takarda tun yana aji uku.

"Anti mi, karanta mini. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Idonsa lafiya lau. Tsoro yake ji.

Na sa tabarau, na bi ta layi-layi, ina juya masa da harshenmu.

Hanyar kilomita uku da rabi ce, kwanoninta goma sha biyu. Sha ɗaya sun yi daidai. Saura ɗaya, wadda muke ce wa kwanar rafi. Baturen ya ce in mota ta ƙwace a wurin, dole a sami filin tsakuwa na mita sittin da zai tsayar da ita. Abin da ya auna mita ashirin ne, bayansa kuma gangaren rafi.

"Tsaya. Ashirin?"

"Haka ya rubuta. Ya ce a zanen da aka amince da shi, kwanar tana mita arba'in gabas da inda aka yi ta."

"Sake karanta wurin."

Na sake.

Akwai wata gajeriyar takarda maƙale a baya, ta masu zuba jari. Sun ba mu zuwa Juma'a. Ko a fara mayar da kwanar inda take a zane, ko su kwashe nasu su koma wani fili da ake musu tayi kusa da Legas. Ba za su jira sabon zane ba.

Na cire tabarau na dube shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana bin wannan hanya. Tun ranar Lahadin da ɗansa tilo, Dimeji, ya fita tsere da abokansa a kan titin Owo, ya haɗu da babbar motar dakon koko a wata kwana. Yana da shekara ashirin da biyu. Mu da muka girme shi ba mu ga gawarsa ba, ba mu bi shi ba, ba mu san inda aka binne shi ba, haka ake yi a wurinmu. Tsaransa da ƙannensa suka ɗauke shi daga asibiti, suka dawo da la'asar da jar ƙasa a ƙafafunsu, aka ba su ruwa suka wanke. Ba wanda ya tambaye su komai.

Bayan wata uku Banji ya tara dangi ya ce, "Yaran nan ba za su daina gudu ba. A ba su inda za su yi, inda babu motar koko."

Muka ba shi gonar mahaifinmu. An aza tubali sau uku, kowane karo da makaɗa da manyan baƙi. Masu kuɗin farko suka gudu da naira ta faɗi. Na biyu suka ce sai an yi musu otal da titi daga filin jirgi. Cocin da ke bayan dutse ya kai ƙara a kan ƙugin mota, aka yi shekara biyu ana zarya. Waɗannan na uku ne kaɗai suka tsaya har aka zuba kwalta.

Na yi zaton zai faɗi. Sai na ji yana dariya.

"Mita arba'in. Anti mi, abin da ya hana ni barci ke nan? Na ɗauka cewa zai yi a rushe dutse. Wannan ai aikin mako ɗaya ne a hannun Muyiwa da katafilarsa."

Ya leƙa ta taga ya kira matarsa a tsallaken gida.

"Mama Dimeji, daka sakwara. Da yawa. Yau aiki zai tashi."

Ta amsa daga can, "An ci ko an faɗi?"

"Kawo abincin fili, kya ji."

"Ku ne kullum da kya ji. Shekara sha ɗaya ina ji."

*

A tsohuwar fijonsa muka tafi. Yana tuƙi yana zagin safiyo, ma'aunin filin da ya kafa turakun hanyar, ya ce zai bi shi har Ibadan ya sa masa zanen a gaban hanci.

Mun iske Muyiwa zaune a kan sarƙar katafila, hularsa a hannu. Ɗan marigayi babban wanmu ne. Dimeji ya girme shi da wata uku, tare suka tashi, a kwano ɗaya. Yau magidanci ne mai 'ya'ya uku, kuma shi ya share hanyar nan tun daga farkonta har ƙarshe, bai taɓa yarda wani ya hau masa katafila ba.

Da ya gan mu ya sauko ya kwanta rub da ciki a ƙasa. Gaisuwa ce, amma ta yi tsawo.

Banji ya ce, "Tashi mana, ka ɓata riga, matarka ta zo ta tuhume ni. Ka ji abin da safiyon nan ya yi mana? Tayar da giwarka. Za mu kankare kwanar rafi mu mayar da ita gabas."

Muyiwa bai tashi ba.

"Baami, ba safiyo ba ne." Haka yake kiransa, wato babana.

"Me ka ce?"

"Safiyo ya kafa turakunsa daidai. Ni na cire su."

Banji ya juyo ya dube ni, kamar yana so in juya masa maganar da wani harshe.

"Tashi ka tsaya. Ba na magana da ƙeyar mutum."

Ya miƙe, ƙasa a gemunsa, idonsa a kan takalmin baffansa.

"Yaushe?"

"Bara waccan. Ranar Lahadi, kowa yana coci. Safiyo ya riga ya koma. Na matsar da su taki hamsin wajen rafi, na daidaita lanƙwasar da igiya yadda ido ba zai gane ba. Masu kwalta kuma inda na share suka bi."

"Da igiya."

"E, Baami."

"Har da igiya ka zo. Ashe ba kuskure ba ne, shiri ne."

Banji ya matso kusa da shi.

"Wa ya aiko ka? Mutanen Legas? Ko 'yan coci?"

"Ba kowa."

"Muyiwa, ni na saya maka takalmin makaranta na farko. Ni na kai ka wurin wanda ya koya maka wannan injin. Ranar da ubanka ya rasu, a ɗakina ka kwana. Me na yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba sai alheri."

"To don me?"

Muyiwa ya ɗan waiga gabas, ya yi maza ya mayar da kansa. Banji ya bi inda ya duba. Ni ma na bi.

Can a tsakiyar jar ƙasar da aka share, an bar wani ɗan tsibiri kore. Peregun ne, itacen nan mai dogayen ganye da muke dasawa a kan iyakar gona da wuraren da ba a taɓawa. Kowa ya san wurin. Nan ne kaɗai inuwa a wannan gefen, nan Mama Dimeji take shimfiɗa tabarmarta kullum in ta kawo wa ma'aikata abinci.

Banji ya yi tsaki.

"Saboda wannan? Saboda ganye? Iyakar wa? Daga rafin nan har dutse gonar ubana ce. Wa ya taɓa ganin iyaka a tsakiyar gonar mutum?"

Maganarsa ce ta sa na sake duba wurin da kyau.

Gaskiyarsa. Peregun na iyaka a jere ake dasa shi, kamar 'yan makaranta a layi. Wannan zagaye ne. Kuma ba tsayinsu ɗaya ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ina jera yara bisa tsawo, idona ya saba. Babban ya fi mutum nesa ba kusa ba. Na bayansa bai kai shi ba. Haka suke sauka, har kan wani ɗan ƙarami da bai wuce gwiwa ba, ƙasar gindinsa ma ba ta gama kwanciya ba.

Na ƙirga ba tare da na yi niyya ba.

Goma sha ɗaya.

Ɗaya a kowace shekara, tun rasuwar Dimeji. Na tuna wanda ya shige gaban samarin nan ranar da suka dawo da jar ƙasa a ƙafafunsu. Na tuna shi na fara miƙa wa ruwa.

Na dubi Muyiwa. Ya ga na gane. Ya girgiza mini kai a hankali, yana roƙona da ido.

Na ce, "Banji, mu koma gida. Rana ta yi zafi. Mu zauna mu yi tunani, akwai lokaci kafin Juma'a."

"Tunanin me? Gabas da ganyen nan dutse ne, yamma rafi. Hanya ɗaya ce, kuma ta kansa ta bi." Ya miƙa hannu. "Makulli."

"Baami..."

"Tunda hannunka ya yi nauyi, nawa bai yi ba. Na ɗaure injin katafila kafin a haife ka. Makulli."

Muyiwa bai ba shi ba, bai kuma hana shi ba. Yana tsaye Banji ya zura hannu a aljihun rigarsa ya zaro.

"Banji," na ce, "ina yi maka magana."

"Anti mi, yi haƙuri. Yau kaɗai."

Mutum mai shekara sittin da uku ya taka sarƙa ya haye kamar saurayi. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Baƙin hayaƙi ya tashi. Ya ɗaga bakin katafilar, ya juya ta gabas.

Muyiwa bai yi gudu ba. Tafiya ya yi, ya riga ta isa, domin katafila ba ta da sauri. Ya kwanta a gaban ƙaramin peregun ɗin, rub da ciki, yadda ya gaishe mu ɗazu.

Ni kuma ban san lokacin da na bi shi ba. Gwiwata ba ta barina in kwanta. Na dai tsaya kusa da shi, na riƙe jakata da hannu biyu.

Ƙasa tana rawa a ƙarƙashina. Na ga ƙarfen yana matsowa, da busasshiyar laka a jikinsa. Sai da ya rage kamar kamu uku ya tsaya.

Banji ya rage wuta ya leƙo.

"Har da ke, Anti mi?"

"Kashe injin."

"Ku biyu kun san abin da ban sani ba. A gonar ubana."

"Ni ma yanzu na sani. Kashe injin."

"Muyiwa. Me ke cikin ganyen nan?"

Muyiwa ya amsa, bakinsa a ƙasa. "Ku taka ni, Baami. Ya fi mini sauƙi. Bakina ba zai faɗa ba."

"Tsafi ne? Wani ya binne mana abu?"

Na ɗaga kai na dube shi sosai, yadda nake dubansa yana yaro in zai taɓa wuta.

"Baba Dimeji," na ce, kuma ban cika kiransa haka ba. "Kar ka sake tambaya. Abin da uba ba ya tambaya ne."

Ya daɗe yana kallona.

Sannan ya dubi itatuwan. Na ga leɓɓansa suna motsi. Shi ma ƙirgawa yake yi.

Hannunsa ya tafi kan makulli. Injin ya mutu.

Sai ƙarar rafi ta dawo. Ashe duk tsawon lokacin yana nan yana gudu.

*

Ya sauko da baya, a hankali, kamar tsoho. Wannan karon sai da na tallafe shi. Bai matsa gaba ba. Ya zauna a kan sarƙar, ya juya wa wurin baya, domin ko a wannan hali ya san abin da bai kamata idonsa ya tsaya a kai ba.

"Tashi, ɗana," ya ce.

Muyiwa ya taso ya durƙusa a gabansa.

"Me ya sa nan?"

"Mun yi shawara a mota, mu bakwai. Wasu suka ce bayan coci. Ni na ce a'a." Ya share fuska da hula. "Nan muke kawo fijonku mu wanke in kun tafi Akure. Kullum sai Dimeji ya nuna mini wurin ya ce a nan kuka koya masa shan kwana, lokacin ana bin gonar da mota. Ya ce sau tara ya faɗa cikin rogo, ba ku dake shi ba ko sau ɗaya."

"Sau sha biyu ne," in ji Banji. "Ya rage."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba.

"Shi ya sa na ce wa mai zane kwanar nan a nan nake son ta. Ya ce a matsa, na ƙi. Na ce ita za a sa wa sunansa."

Ya dubi Muyiwa.

"Shekara biyu kullum ina nan. Na ci abinci a inuwar nan. Na tsaya a wurin da takalmi ina nuna wa baƙi inda 'yan kallo za su zauna. Kana kallona."

"Ina kallonku, Baami."

"Ba ka iya ce mini komai ba? Ko a kaikaice?"

"Na gwada. Na ce muku ƙasar wurin tana da laushi, kuka ce a cika ta da dutse. Na ce ruwa yana kwanciya, kuka ce a yi magudana. Na je gidan Maami sau biyu," ya dube ni, "na zauna na sha ruwa na tashi. Ita ma ai ta girme shi. Wa zan gaya wa? Sauran shidan duk sun watse, wasu ma ba sa ƙasar."

Na tuna zuwan nan nasa biyu. Har na tambaye shi ko rigima suka yi da matarsa.

"Kuma, Baami, wallahi ban san zai kashe aikin ba. Shekara sha biyar ina share titi. In muka iske kabari ko wurin bauta, kaucewa muke yi kaɗan mu wuce, ba mai rubuta takarda, ba mai tambaya. Na ce mita arba'in a cikin kilomita uku, wa zai kula? Ban san wannan hanyar ba irin sauran ba ce. Sai da na ga Baturen nan ya tsaya a kwanar yana kallon rafi, yana rubutu."

Banji ya sa hannu a kan Muyiwa, ya bar shi a nan.

Ni ce babba, dole wani ya faɗi abin da ya rage. Na zauna kusa da shi na sassauta murya.

"Banji, ka ji ni, ba na ce a yi ba. Amma ana yi. Akan kira fada daga coci ya yi addu'a, samari su ɗauke su mayar wani wuri, mu kuma mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa. In kana so, ni zan tsaya a kan maganar. Har Juma'a akwai lokaci."

Ya girgiza kai tun ban rufe baki ba.

"Hanya ce ta kashe shi, Anti mi. Ba zan tashe shi don hanya ta wuce ba."

"Shekara goma sha ɗaya fa."

"Na sani. Ni na yi su."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba. Wakilin masu zuba jari ne. Ya bar ta ta yi har sau huɗu kafin ya ɗauka.

"E, na gani. An karanta mini." Ya saurara. "A'a. Ba za a mayar da ita ba." Ya sake saurarawa, wannan karon ya daɗe. "Ba maganar injin ba ce, injin ga shi ina zaune a kansa. Ba sai kun jira Juma'a ba. Na san abin da hakan yake nufi. Allah ya ba ku sa'a a Legas."

Ya kashe wayar, ya miƙa wa Muyiwa makullin.

"Ka ja ta baya. A hankali. Kar ta taɓa ko ganye ɗaya."

Muyiwa ya karɓa da hannu biyu. Bai kai ga hawa ba muka ji ƙarar babur a kan sabuwar kwalta.

Na manta da ita. Dukkanmu mun manta.

Mama Dimeji ta sauko, kular abinci a hannu ɗaya, tabarma a hammata, ta ɗaura sabon gwaggwaronta na zuwa biki. Ta sallami mai babur, ta nufo mu tana magana tun daga nesa.

"Sannunku da aiki, ma'aikatan zaune. An ce yau aiki zai tashi, ashe hira ce ta tashi. Anti, har da ku a rana? Muyiwa, wa ya yi maka wanka da ƙasa? Zo ka karɓi kular nan, hannuna ya sage. Agushi ne da kifi, na sa maka kan da kake so."

Ba wanda ya motsa.

Ta wuce mu kai tsaye zuwa inuwarta. Ta warware tabarma ta shimfiɗa a tsakiyar zagayen, inda take shimfiɗawa kullum. Ta cire takalmi. Ta buɗe gorar ruwanta, ta sunkuya ta zuba wa ƙaramin peregun ɗin kaɗan a gindi.

"Wannan autan ba ya son rana," ta ce. "In ban ba shi ba, ba mai ba shi."

Sai a lokacin ta ɗago ta ga bakin katafilar a tsaye daf da ganyen. Ta bi sawun sarƙar da ido har inda ya faro. Ta dubi Muyiwa. Ta dube ni. Ta dubi mijinta, da ya juya wa inuwar baya.

Murmushin ya bar fuskarta a hankali. Hannunta yana kan ganyen.

"Baba Dimeji," ta ce. "Ku juyo ku dube ni mana. Me ya hana ku shigowa inuwa yau?"